Wai da gaske finafinan Telemundo daga rediyo suka samo asali?

Wata ɗaliba mai karantar aikin jarida ce ta turo tambayar, tace malaminsu ya faɗa musu wai finafinan nan masu dogon zango da ake kallo a Telemundo daga wasan kwaikwayon rediyo suka fito, shin haka ne, kuma in haka ne wace ƙasa ce ta fara, don tana so tayi furojet ɗinta a kai.

Toh ƙanwata, malaminku gaskiya ya faɗa. Abin da kike gani a talabijin sunansa telenovela, uwarsa kuma ita ce radionovela, wato wasan kwaikwayon rediyo mai dogon zango, a Ajantina suna ce mata radioteatro, a Sifen kuma serial kawai suke cewa. Amma zancen wa ya fara, ni shawarata kar ki ɗora furojet ɗinki a kansa don zaki sha wahala a banza, ƴan Ajantina zasu ce su ne, ƴan Kyuba su ce su ne, ƴan Meziko ma ba zasu yi shiru ba, kuma kowa da ƴar hujjarsa tunda duk cikin shekarun 1930 abin ya tsiro kusan lokaci guda. Abin da babu gardama a kai shine a Habana, babban birnin Kyuba, aka mayar da shi sana'a ta sosai, ana rubutawa ana sayar wa sauran ƙasashe kamar yadda suke sayar da sukari da taba.

Kafin ma rediyo ya zo kunnuwan mutanen can sun riga sun saba da labari mai yankewa. Tun 1836 jaridun Faransa suka fara buga ƙagaggen labari gutsure gutsure a ƙasan shafi, a yanke a daidai inda ran mai karatu zai tashi don gobe ya sake sayen jarida, jaridun Sifen da na Latin Amurka suka kwaikwaya, suna kiransa folletín. Matsalar dai ita ce yawancin talakawa basa karatu. A Kyuba sai aka samu wata dabara mai ban sha'awa a masana'antun sigari. Daga 1865, a wata masana'anta mai suna El Fígaro a Habana, masu naɗa ganyen taba suka fara haɗa kuɗi daga albashinsu suna biyan mutum ɗaya, shi aikinsa kawai ya hau kan wani dandamali a tsakiyar zauren ya riƙa karanta musu da ƙarfi suna aiki. Da safe jarida, da rana littafin labari, babi babi, kuma ma'aikatan ne da kansu suke zaɓen littafin da za'a karanta. Ki kwatanta abin a ranki, ɗaruruwan mutane zaune a layi hannu na ta naɗa ganye ido na kan tebur, shi kuma mai karatun yana canza murya, yanzu shine tsohon attajiri anjima shine yarinya mai kuka, in ya burge su ba tafi suke yi ba tunda hannu na cikin aiki, sai dai su riƙa buga wuƙar yankan ganyen a kan katako. Hukumar mulkin mallakar Sifen ta hana abin a 1866 don tana ganin yana buɗe wa ma'aikata ido, amma ya dawo. Sigarin nan Montecristo da aka fara yi a 1935 ma daga littafin Alexandre Dumas da masu naɗin ke so ya samo sunansa. Kinga kenan ranar da rediyo ya iso Kyuba a 1922 ya tarar da masu sauraro a shirye, har da masu iya karatu da murya iri iri.

A Ajantina hanyar daban ce. Su tun 27 ga Agusta 1920 Enrique Susini da abokansa suka hau rufin gidan wasan Coliseo a Buenos Aires suka watsa waƙar opera, shi yasa har yau ranar ce ranar rediyo a ƙasar. Wasan rediyonsu kuma daga ƴan wasan tanti ya fito, masu yawo gari gari suna nuna labarin gaucho, wato makiyayan shanu masu hawa dawaki na karkara irinsu Juan Moreira da hukuma ta zalunta ya zama ɗan tawaye. A farkon shekarun 1930 wani González Pulido ya kawo irin wannan cikin rediyo da shirin Chispazos de tradición, waƙa da faɗan wuƙa da soyayya duk a haɗe, ƴan boko na zaginsa wai ya ɓata al'ada, jama'a kuma na rububinsa. Kuɗin ma ba a rediyon yake ba sosai, in labari ya kama sai ƴan wasan su shiga mota su bi ƙauyuka suna yinsa a dandali mutane na biya su ga fuskar muryar da suka sani, wanda ke fitowa a mugu kuwa sai yayi hattara don ba kowa ke bambance wasa da gaske ba. A wannan duniyar Eva Duarte ta taso, ta zo Buenos Aires a 1935 tana ƴar shekara 15, zuwa 1943 tana Radio Belgrano tana fitowa a matsayin manyan matan tarihi irinsu Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, a Janairun 1944 ta haɗu da Kanar Juan Perón wajen taron tara wa mutanen San Juan gudummawa bayan girgizar ƙasa. Duk wanda ya saurari jawaban Evita (sunan da aka san Eva da shi bayan ta auri Perón ya zama shugaban ƙasa) daga baya zai ji inda take ɗaga murya da inda take karya ta, a gaban makirfo ta koyi wannan.

Yanzu zancen kuɗi, wanda shine ɗalibai ke yawan tsallakewa alhali in babu shi ba'a fahimci komai ba. Masu sabulu ne suka gina wannan harkar. A Amurka tun farkon shekarun 1930 kamfanoni irinsu Procter & Gamble da Colgate-Palmolive suka gano cewa matar gida ce ke sayen sabulu da man goge baki, kuma da rana tana gida tana wanki ko guga, hannunta a cike kunnenta a sake. Sai suka fara ɗaukar nauyin wasan minti goma sha biyar kullum. Waɗannan kamfanonin suna da rassa a Kyuba, Sabatés na hannun Procter & Gamble, Crusellas kuma na tare da Colgate-Palmolive, kuma gaba ce sosai tsakaninsu. Abin da zai baki mamaki, sau da yawa ba gidan rediyon ne ke ɗaukar marubuci da ƴan wasa ba, kamfanin sabulun ne ko kamfanin tallarsa, su ke da sashen shirye shirye, su ke bin gida gida suna tambayar mata me suke saurare, gidan rediyo lokaci kawai yake sayar musu. Ga kuma gasar tashoshi biyu, RHC Cadena Azul ta Amado Trinidad da CMQ wadda Goar Mestre ya shiga a 1943 bayan yayi karatu a Yale, kowa na sace wa ɗan uwansa taurari da ƙarin albashi.

Amma duk da kuɗin da tsarin na Amurkawa ne, labarin bai zama nasu ba, kuma nan ne zaki samu abin rubutawa. Na Amurka bashi da ƙarshe, Guiding Light ya fara a rediyo a 1937 bai tsaya ba sai 2009 a talabijin, rayuwar wani gari ce kawai ake ta bi, ana haihuwa ana mutuwa. Radionovela kuwa tun ranar farko an san inda aka dosa, akwai wani sirri da aka binne, kuma dole wata rana ya tonu, mugu ya ga sakayya, a ɗaura aure, a rufe, Litinin a fara sabo. Wannan gadon folletín ne, kuma har yau haka telenovela take.

Mutumin da ya fi kowa iya wannan shine Félix B. Caignet, ɗan gabashin Kyuba, an haife shi 1892. Da labarin yara ya fara a birnin Santiago na Kyuba, sannan a 1934 ya ƙirƙiro Chan Li Po, wani ɗan Sin mai binciken laifi da Aníbal de Mar ke yi wa murya. Shi ake dangantawa da shigo da mai ba da labari cikin wasan rediyon Kyuba, wato muryar nan da ke tsakanin ƴan wasa tana zama idon mai sauraro, ta faɗa miki ɗakin yaya yake, hannun yarinyar na rawa, hawaye ya tsaya a gefen ido bai zubo ba. Kuma Caignet baya tsoron zuzutawa, harshensa cike yake da ado har marubutan boko na masa dariya, shi ko ko a jikinsa. Marubucin nan ɗan Kolombiya Gabriel García Márquez ya ba da labarin cewa Caignet ya faɗa masa mutane dama can kuka suke son yi, shi dalili kawai yake basu.

Ranar 1 ga Afrilu 1948 CMQ ta fara El derecho de nacer, ma'ana haƙƙin a haife ka, kashi 314, kowanne kamar minti ashirin, aka yi shekara ana yi. Ga labarin a taƙaice. María Elena ƴar wani babban attajiri ce mai ji da asali a Santiago, Don Rafael del Junco. Saurayi ya yi mata ciki ya gudu. Uban yace sunan gidansa ba zai ɓaci ba, aka ɓoye ta a gona har ta haihu, ya ba da umarni a kashe jaririn. Mai rainonta, baƙar fata, Mamá Dolores, ta ɗauke yaron ta gudu da shi, ta raine shi da wanki da guga a matsayin ɗanta, ta sa masa sunanta, Albertico Limonta. Ita uwar ta shiga gidan zuhudu na coci ta zama sista. Yaro ya girma ya zama likita, rannan aka kawo wani tsoho asibiti rai a hannun Allah ana neman jini, likita ya ba da nasa, ashe kakansa ne da yace a kashe shi. Ya fara shiga gidan, soyayya ta ƙullu tsakaninsa da Isabel Cristina, jikar tsohon, wadda ƴar ƙanwar mahaifiyarsa ce bai sani ba (mu nan sai mu ce ai tuwona maina, amma a labarin wani ƙarin tashin hankali ne). Mai sauraro ya san komai tun farko, ƴan cikin labarin ne basu sani ba, kuma wannan shine ƙugiyar, kina zaune kina jira yaushe zasu gane.

Sai ga abin da ya faru a bayan fage wanda duk mai koyon rubutun rediyo ya kamata ya sani. José Goula, mai yin muryar Don Rafael, ganin shirin ya karɓu sai ya nemi ƙarin albashi, masu tasha suka ƙi, aka ce wa Caignet ya fitar da shi daga labarin. Shi kuma bai kashe tsohon ba. A daidai lokacin da Don Rafael ya gano likitan nan jikansa ne, sai marubuci ya jefa masa ciwon shanyewar jiki, baki ya rufe. Mutum ɗaya tilo a gidan da ya san gaskiya, ga shi kwance baya iya magana, sai gurnani. A rediyo fa, inda murya ce komai! Aka yi makonni ana haka, mai ba da labari na ta kwatanta yadda leɓensa ke motsi kalma ta ƙi fita, ƙasa gaba ɗaya tambaya ɗaya ake yi, yaushe Don Rafael zai yi magana, har mawaƙa suka yi waƙa a kai. Da aka daidaita kan kuɗi sai bakin tsoho ya buɗe. Cikin wannan shekarar kuma, a Nuwamba 1948, María Valero mai yin Isabel Cristina ta fita da abokan aiki da asuba kallon wani tauraro mai wutsiya a bakin teku, mota ta kaɗe ta ta mutu, jama'a suka yi dafifi wajen jana'izarta, Minín Bujones ta karɓi rawar aka ci gaba.

Ana yawan cewa wai abin kuka ne kawai na matan da basu da aikin yi, ni ban yarda da wannan ba, ko in ce rabin gaskiya ce. Ki duba me labaran ke ta juyawa a kai: ɗa da bai san ubansa ba, ƴar aikin da ɗan masu gida ya lalata, uwar da aka raba da ɗanta, talakan da ashe jinin masu kuɗi ne. A ƙasashen da aka yi bauta (Kyuba sai 1886 ta daina), inda manyan masu gonaki ke da ƴaƴa a waje birjik basu yarda da su ba, inda hasken fata da sunan gida ke yanke wa mutum inda zai kai, inda ƴan mata ke barin ƙauye suna cika birane da aikatau, tambayar ɗan waye kai ba wasa bace. Ba'a zancen a coci, ba'a yi a majalisa, sai ga shi rediyo na yi kullum da sunan nishaɗi. Masanin nan Jesús Martín-Barbero da ya zauna a Kolombiya yayi wannan bayanin a littafinsa na 1987, cewa zuciyar irin wannan labarin ita ce neman a san ka, a yarda da kai. Sai dai kar ki ɗauka juyin juya hali suke kira. Yadda suke warware matsalar kusan kullum ɗaya ne, talakan nan nagari sai a gano dama can ɗan manya ne, wato tsarin bai canza ba, shi ne dai aka mayar gurbinsa. Ita kanta Mamá Dolores da kowa ke so, darajarta a labarin ita ce ta sadaukar da rayuwarta saboda ɗan fararen fata, kuma wadda tayi muryarta a rediyo, Lupe Suárez, farar fata ce. Duka biyun ki riƙe, sun taɓo ciwon gaske, maganin da suka bayar ne na lallashi.

Daga Habana abin ya bazu. Ba sai an aika faifai ba, takardun rubutun ake sayarwa, kowace ƙasa ta sa ƴan wasanta su yi da karin harshensu, haka El derecho de nacer ya zaga Meziko, Benezuwela, Kolombiya, Peru, aka yi fim ɗinsa a Meziko a 1952. Har Barazil da ba Sifaniyanci suke yi ba, radionovela ɗinsu ta farko a Rádio Nacional ta Rio a 1941, Em busca da felicidade, rubutun wani ɗan Kyuba ne Leandro Blanco aka fassara, Colgate ta ɗauki nauyi. Mario Vargas Llosa wanda yayi aiki a Radio Panamericana a Lima yana saurayi ya zuba wannan duniyar cikin littafinsa La tía Julia y el escribidor na 1977, a ciki yake cewa a kan sikeli ake sayo rubutun daga CMQ, kilo kaza kuɗi kaza, don ba mai lokacin karantawa, su iso shafuka sun ɓace wasu sun jiƙe, ga kalmomin Kyuba da sai an canza. A littafin akwai kuma marubucin da ke rubuta labarai da yawa a rana ɗaya har kansa ya juye ya fara cakuɗa su, wanda ya mutu a shirin ƙarfe uku sai ga shi a na ƙarfe biyar. Ƙagagge ne, amma wani marubucin Bolibiya na gaske, Raúl Salmón, ya gani ya ɗora a kai, kuma yawan aikin ba ƙari bane.

Shi kansa situdiyon ba wani abin kallo bane. Mutum huɗu biyar tsaye kewaye da makirfo kowa da takarda a hannu, in an gama shafi a sake shi ƙasa a hankali kar ƙararsa ta fita, kuma yawanci kai tsaye ake watsawa babu damar a sake. Tauraron da mata ke mutuwar muryarsa wataƙila gajere ne mai sanƙo ya ba hamsin baya, ba wanda ya damu. A gefe ga mai sauti da tarkacensa, ɓawon kwakwa biyu ya zama gudun doki, a murza leda mai ƙara ta zama gobara, a girgiza fallen kwano ya zama tsawa, ga ƴar ƙofa ta katako da sakata don shiga da fita, ga akwatin tsakuwa don takun mai tafiya. Sai mai kiɗa da ke jiran alamar darakta ya danna a daidai inda aka ce "ni ce mahaifiyarka", a tafi talla. Irin ƙarfin da wannan ƴan kayan ke da shi, a Kito ta Ekwado ranar 12 ga Fabrairu 1949 Radio Quito tayi wasan cewa halittun duniyar Mars sun sauka, mutane suka firgita suka fito tituna, da suka gane wasa ne suka je suka banka wa ginin wuta, har aka rasa rayuka.

Meziko zan bi ta da sauri duk da girmanta. Tashar rediyon XEW da Emilio Azcárraga Vidaurreta ya buɗe a 1930 ita ce cibiya, Anita de Montemar na 1941 na cikin na farko da suka kama mata. Su kuma sun ƙware a ɓangaren maza da yara, Chucho el Roto mai sata wajen masu kuɗi ya ba talaka, Porfirio Cadena mai idon gilashi daga Monterrey, sai uwa uba Kalimán da ya fara a 1963, jarumi mai rawani da yaronsa Solín, baya kisa, kullum nasiharsa natsuwa da haƙuri, wanda ƴan Kolombiya ma suka yi nasu a tashar Todelar. Wannan gidan na Azcárraga shine ya zama Televisa, babban kamfanin talabijin na Meziko.

Sifen kuwa labarinta na da nasa ɗanɗano saboda mulkin Janar Franco. Tashoshi masu zaman kansu an hana su yin labaran kansu, dole in lokaci yayi su jona da Radio Nacional ta gwamnati, haka aka yi ta yi har 1977. Toh tasha irin Cadena SER me zata sayar? Sai wasa da gasa da ƙwallo. Ta tara ƴan wasa na dindindin a Radio Madrid, marubucinsu Guillermo Sautier Casaseca ya zama sarkin sa mutane kuka. Lo que nunca muere na 1953 farfagandar ƙin kwaminisanci ce a fili. Ama Rosa na 1959, wanda Juana Ginzo tayi, labarin wata matalauciya ne da ta zaci mutuwa zata yi wajen haihuwa ta yarda a ba masu kuɗi ɗanta, sai bata mutu ba, ta koma gidan a matsayin mai raino, ɗan ya taso yana wulaƙanta ta bai san uwarsa bace. Kin ga dai ƙashin bayan ɗaya ne da na Kyuba, sai dai a nan an ƙara nauyin haƙuri da biyayya don masu tace rubutu na gwamnati da coci na tsaye a kai. Na ƙarshe da ya girgiza ƙasar shine Simplemente María, 1971 zuwa 1974, kashi 501, asalinsa kuma rubutun wata ƴar Ajantina ce Celia Alcántara.

Abu biyu ne suka kawo sauyin da ya haifi abin da kike kallo yau. Na farko talabijin, wanda ya shiga Meziko da Kyuba da Barazil a 1950, masu sabulu suka kwashi kuɗinsu da marubutansu da tsofaffin takardunsu suka koma can, telenovela ta farko a Meziko, Senda prohibida ta 1958, Fernanda Villeli ce ta rubuta, marubuciyar rediyo, Colgate kuma ta biya. Na biyu juyin juya halin Fidel Castro na 1959. Gwamnati ta karɓe CMQ a 1960, talla ta mutu, ƙwararrun suka watse. Goar Mestre ya tafi Ajantina ya kafa harkar talabijin, Glória Magadan ta ƙare a tashar talabijin ta Globo a Barazil, Delia Fiallo ta zauna Miami tana rubuta wa tashoshin Benezuwela irinsu Esmeralda da Cristal da Kassandra, Inés Rodena wadda da ma'aikaciyar jinya ce, daga rubutunta na rediyo aka ciro Los ricos también lloran na 1979, wanda ya rikita Rasha a 1992, mu ma nan Najeriya manya zasu tuna shi da sunan The Rich Also Cry. Shi Caignet bai tafi ba, a Habana ya mutu a 1976. In kin lura da yadda ƴan telenovela ke tsayawa su faɗi abin da ke ransu da baki su kaɗai a ɗaki, ko a maimaita miki sirrin sau goma, ko kiɗa ya buga da ƙarfi kafin talla, duk halin rediyo ne, an rubuta ne don wadda idonta ke kan tukunya.

Akwai wani reshe da ya zagayo har ƙasar Hausa, kuma inaga shi zai fi yi miki amfani a furojet. A 1969 talabijin ɗin Peru ya yi Simplemente María, labarin ƴar ƙauye da ta zo birni aikatau, ta shiga makarantar yaƙi da jahilci da dare, ta koyi ɗinki da keken Singer har ta zama babbar mai zanen kaya. Sai aka lura ƴan aikatau na gaske sun fara shiga ajin dare suna neman keken ɗinki, ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Miguel Sabido na Televisa yace in haka na faruwa bisa tsautsayi ai ana iya yinsa da gangan. Ya tsara hanya mai mutum iri uku, nagari, mugu, da na tsakiya mai tangal tangal wanda shine mai sauraro ke ganin kansa a ciki, a hankali ya ga sakamakon kowane ɓangare ya zaɓa. Ya gwada da Ven conmigo a 1975 kan karatun manya, da Acompáñame a 1977 kan tsarin iyali. Da dabarar ta iso Afirka sai ta koma gidanta na asali, rediyo, tunda shi ke kowane gida. Tanzaniya ta fara Twende na Wakati a 1993, har aka ƙi watsa shi a yankin Dodoma na shekaru biyu don a kwatanta da inda aka ji. Ƙungiyar Population Media Center kuma da wannan hanyar tayi Gugar Goge da Hausa a 2006 kan yoyon fitsari, ta biyo da Ruwan Dare, a Nijar ma tayi Gobe da Haske. Ra'ayina dai, irin waɗannan suna aiki ne in marubuci ya bar labari ya zama labari, da zarar mai ba da kuɗi ya matsa sai an cusa saƙo a kowane kashi sai ya koma lacca, mai sauraro kuma ba wawa bane, murɗa tasha zai yi.

Don haka in zaki rubuta, ki ɗauki layi ɗaya ki bi shi, misali daga CMQ zuwa Sabido zuwa Ruwan Dare, kar ki ce sai kin kwashe ƙasashe ashirin. Kuma ki saurara da kunnenki ko da bakya jin Sifaniyanci, akwai kashi kashi na Kalimán da Porfirio Cadena da yawa a YouTube. Ki ɗauki guda ɗaya da agogo a hannu, ki rubuta minti nawa aka ɓata ana tuna abin da ya faru jiya, sau nawa mai ba da labari ya shigo, a ina kiɗa ya buga, a kan wace magana aka yanke. Sannan ki yi wa kashi ɗaya na wasan Hausa na rediyo irin wannan awon, ki jera su gefe da gefe, babinki na huɗu ya samu kenan.